Bado da Sen: Abin da Masu Zanen Biyetnam Suka Gani a Tafkinsu

   

Maganar da zan yi yau a kan fure ce, kuma na san a cikinku akwai wanda zai ce a ransa: duk matsalolin da suka yi wa ƙasar Daura katutu, a rasa abin da za a tara mutane a kai sai fure? Ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa zuwa ƙarshe. Furen da nake nufi iri biyu ne. Ɗaya yana can gabashin duniya, a ƙasar Biyetnam, mutanen ƙasar suna kiransa sen. Ɗayan kuwa yana nan bayan gari, a kududdufai da fadamu da bakin madatsun ruwa irin Daberam da Sabke, mu muna kiransa bado. Na can ya shiga zanen fenti ya zama fuskar al'umma guda. Namu kuwa, yara ne kawai ke shiga ruwa su tsinko 'ya'yansa. Abin da nake son in tabbatar shi ne cewa kayan aikin da aka aro daga baƙi suna zama na gida ne a ranar da mai riƙe da su ya juya ya dubi abin da ke tsiro a ƙofar gidansu, ya dube shi da kyau har ya gane shi. Mutanen Biyetnam sun yi haka da sen. Masu zanenmu, a ganina, ba su yi haka da bado ba tukuna, kuma asarar tamu ce.

Bari mu fara da yadda abin ya kasance a can. Faransa ce ta mulki Biyetnam, kamar yadda ta mulki maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi. A shekarar 1925 aka buɗe makarantar koyon zane-zane a birnin Hanoi, ƙarƙashin wani Bafaranshe mai suna Victor Tardieu tare da wani ɗan ƙasa, Nguyen Nam Son. Makarantar ta yi shekara 20 tana aiki, har zuwa 1945. Yawancin abin da aka koyar a cikinta na Turai ne: yadda ake auna jikin mutum, yadda ake nuna nesa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle, yadda haske ke faɗowa a gefe ɗaya ya bar inuwa a ɗayan, da kuma sarrafa fentin mai. Da ɗaliban sun tsaya a nan, da yau ba wanda ya san su, don kwaikwayo ba ya wuce abin da aka kwaikwaya. Amma ba su tsaya ba. Nguyen Phan Chanh ya koma zane a kan siliki, yana zana matan karkara. Nguyen Gia Tri ya ɗauki ƙaron itacen da magabatansu ke shafa wa akwatuna da kayan ɗakin ibada, ya mai da shi abin zana hoto. Shi kuwa To Ngoc Van, wanda aka haifa a 1906, ya riƙe fentin man nan na Turawa gam, sai dai ya sa shi ya yi maganar gida. A 1943 ya zana budurwa sanye da doguwar rigar ƙasarsu ta sunkuya ga wani farin fure, hoton da har yau babu ɗan Biyetnam mai ilimi da bai san shi ba. A 1944 ya sake zana wata budurwar, wannan karon tare da sen. Ya rasu a 1954 a fagen yaƙin ƙwatar 'yanci, amma hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba, domin a 1972 Nguyen Sang ya dawo kan wannan batu na mace da sen da nasa salon.

Me ya sa sen, ba wani furen ba? Saboda ya riga ya cika rayuwarsu tun kafin Bature ya iso. A shekarar 1049 sarkinsu Ly Thai Tong ya sa aka gina wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada a kan ginshiƙi ɗaya a tsakiyar tafki, don ya yi kama da sen da ya ɓullo daga ruwa, kuma har yau akwai ginin a wurin a Hanoi, bayan sake gina shi da aka yi. Suna cin 'ya'yansa, suna dafa saiwarsa, suna ƙunshe ɗanyar shinkafa a ganyensa, suna turara ganyen shayi da ƙamshinsa. Ƙauyen mahaifin jagoransu Ho Chi Minh sunansa ƙauyen Sen. Kamfanin jiragen saman ƙasar ma furen ya ɗauka ya yi tambari. A addinin Buddha, wanda ya daɗe a ƙasar, ana misalta tsarkin zuciya da shi, don yana fitowa daga taɓo amma taɓon ba ya kama shi. Wato lokacin da To Ngoc Van ya ɗora buroshi a kan ƙyalle, bai ƙirƙiro wa furen ma'ana ba, ma'anar tana nan a bakin tsofaffi da cikin tukunyar miya. Abin da ya ƙara shi ne duba: ya nuna wa mutanensa yadda haske ke ratsa fatar furen, abin da idonsu ya saba gani har ya daina lura da shi.

A nan ne dole mu yi hattara, domin kuskure mafi sauƙi shi ne wani matashi ya ji wannan lacca ya tafi ya buɗe waya, ya kwafo hoton sen, ya rubuta bado a ƙarƙashinsa. Tsirran biyu ba ɗaya ba ne, masana tsirrai ma ba sa sa su a dangi guda. Sen yana ɗaga ganyensa sama da ruwa a kan dogon kara, kamar laima, ruwa kuma ba ya zama a kan ganyen, sai ya dunƙule ya gangare. Furensa yakan yi ruwan hoda ko fari, yana buɗewa da safe, a tsakiyarsa akwai ƙoƙo mai ramuka inda 'ya'yan ke zama. Bado kuwa ganyensa kwance yake a fuskar ruwa, faffaɗa, bakinsa da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, bayansa da jijiyoyi a fili da ɗan duhun ja. Farin badon da muka fi sani da dare yake buɗewa, ya kwana a buɗe, hantsi na ɗagawa ya rufe. Idan furen ya gama, sai ya nutse, ɗan ya nuna a ƙarƙashin ruwa cike da ƙananan tsaba. Sannan ga abin da ya fi komai: idan rani ya yi, tafkin ya ƙafe, laka ta tsattsage, curin saiwarsa yana nan binne yana jira, ruwan damina na sauka ya farfaɗo. Kowace daga cikin waɗannan siffofi tana sauya yadda za a zana shi. Mai zanen sen yana kallon sama, kara da sarari. Mai zanen bado dole ya kalli ƙasa, ya koyi zana fuskar ruwa, da sararin samaniya da ke kwance a cikinta, da hasken asuba wanda ba fari ba ne ba kuma shuɗi ba.

Ma'anarsa a wurinmu ma daban take, kuma a ganina ta fi ta can nauyi. Bahaushe bai san bado a matsayin ado ba, ya san shi a matsayin abinci, musamman abincin wuya. A shekarun yunwa, irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin da aka yi a 1973, abin da ya riƙe ran talakawa da yawa shi ne abin da daji da fadama suka bayar ba tare da an shuka ba, ganyaye da tsabar ciyawa da saiwoyi, bado kuma yana cikin wannan sahu a inda ake da ruwa. Ba mu kaɗai ba. Wannan farin badon namu shi ne wanda mutanen Masar ta dā suka sassaƙa a ginshiƙansu suka zana a bangayensu, kuma marubucin Girka Herodotus ya ba da labarin cewa suna shanya tsabarsa su daka su yi gurasa. Sai kuma mu tuna inda yake tsirowa a cikin gari. Kududdufi ramin gari ne. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali, aka ta da ganuwa, da soraye, da zauruka masu bakan gizo irin waɗanda fadar Daura ta yi suna da su. Kowane tsohon bango da muke alfahari da shi ya bar rami a wani wuri, ruwan sama ya cika ramin, bado ya rufe shi da fari. Wanda ya zana bado a kududdufi da inuwar katanga a cikin ruwan, ya zana gari da abin da aka biya kafin a same shi. Garin da labarin kafuwarsa ya rataya a kan rijiya, a kan baƙon da ya roƙi tsohuwa ruwa aka ce masa sai ranar Juma'a ake ɗiba a Kusugu, bai kamata a ce masu zanensa ba su iya zana ruwa ba.

To, mene ne muke zanawa a maimakon haka? Ku shiga ɗakin amarya ku dubi jeren kwanoni: furannin da ke jikinsu wardi ne da wasu irinsa da ba su taɓa tsirowa a Sandamu ko Ɓaure ba. Ku dubi bayan manyan motoci da bangon shagon aski da hotunan da ake ratayawa a falo: dutse mai ƙanƙara, ruwa mai zubowa daga tsauni, gidan katako a cikin dajin da ba namu ba. Idan mai zane ya so ya nuna shi ɗan Arewa ne, sai ya zana doki da mahayi a hawan Sallah, ya ɗora dagi a kusurwa. Ba na raina hawa. Wanda ya ga hawan Magajiya ko Sallar Gani a nan Daura ya san akwai launi da motsi da za su ishi mai zane har ƙarshen ransa. Abin da ke damuna shi ne yawancin dawakin nan ba a gaban doki aka zana su ba, daga wani zanen aka kwafo su, shi ma daga wani, har dokin ya zama hatimi. Ido ya daina aiki, hannu kaɗai ke tafiya.

Yanzu ga hujjojin masu ja. Na farko kuma mafi girma ita ce ta addini, kuma ba abin wasa ba ce. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surar abin da ke da rai, malamai kuma sun yi bayani mai faɗi a kan iyakar wannan hani. Amma a cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan sana'a yake ci, sai ya gargaɗe shi game da masu rai, ya kuma nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan wannan ne Musulmi suka cika duniya da furanni: tangaran ɗin Iznik da ke lulluɓe da bangon masallatan Istanbul, da furannin dutse da aka dasa a jikin Taj Mahal, da zayyanar da ke gefen Alƙur'anai. Malamanmu suna nan zaune, su ne masu fatawa, ni ba ni ba ne. Abin da nake nunawa kawai shi ne, a cikin duk abin da mai zane zai iya sa wa hannu, fure da ganye da ruwa su ne inda ƙofa ta fi faɗi. Darasin Biyetnam bai wajabta mana zana budurwar ba. Furen kaɗai ya isa.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gaskiya, kuma zan ba ta haƙƙinta. Za a ce Daura ƙasar jigawa ce, rairayi da gero, damina gajera, bado kuwa na mutanen Haɗeja da Nguru ne masu fadama. Me ya sa ba gawo ba, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ko kuka, ko goriba, ko ma furen tumfafiya? Na yarda cewa gawo ya fi bado cika idon mutumin Mai'aduwa ko Zango, kuma duk wanda ya zauna ya zana gawo ɗaya a watanni goma sha biyu na shekara ya yi aikin da nake kira a yi. Ban zo neman a naɗa wa bado sarautar furen ƙasa ba. Na zaɓe shi ne saboda dalili biyu. Ɗaya, a ƙasar da ruwa ke da tsada, abin da ke cikin ruwa ya fi daraja, kuma ɗan lokacin da yake bayyana ya sa ganinsa ya zama abin marmari. Biyu, yana ɓacewa. Kududdufan birane ana cike su da shara ana yanka filaye, shi ya sa ruwan da a dā yake da masauki yanzu yake shiga ɗakunan mutane. A fadamun Haɗeja da Nguru kuma kacalla ta mamaye wurare masu yawa da a dā ruwa ne buɗaɗɗe. Gawo zai jira mai zane na shekaru. Kududdufin da ke bayan unguwa ba lallai ya kai baɗi ba.

Wani zai ce kududdufi ƙazanta ne, matattarar sauro da tsargiya, bai cancanci a ƙawata shi ba. Haka ne, akwai cuta a cikinsa, kuma mai zanen kirki ba zai ɓoye ta ba. Idan akwai baƙar leda a maƙale a ganyen, a zana ledar. Idan kainuwa ta taso ta matse shi, a zana kainuwar, dashen Allah ce ita ma. A nan ma Biyetnam tana da gargaɗi gare mu, domin nasarar sen ta jawo masa wata cuta. Yau a shagunan Hanoi ana zuba zanensa kamar bulo, iri ɗaya, mai santsi, ba taɓo ba ƙwaro ba ganyen da ya bushe, don a sayar wa baƙi da masu neman abin rataya a falo. Wannan sen ɗin ya zama abin da dokinmu ya zama. Ashe matsalar ba ta rataya ga abin da aka zaɓa a zana ba, tana ga ko mai zanen ya je ya gani da idonsa.

Sai masu cewa fentin mai kayan Nasara ne, mu muna da namu: zanen bango, da aska takwas a gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, da aikin dukawa. Waɗannan dukiya ce, kuma duk mai zanen da bai yi karatunsu ba ya yi wa kansa asara, don a cikinsu ne Bahaushe ya ajiye saninsa na daidaito da maimaici da inda ya kamata a bar fili. Amma su ba aikinsu ba ne su kama haske na wani lokaci guda. Fentin mai yana iya wannan saboda yadda aka yi shi: garin launi ne a cikin man da ke bushewa a hankali, kwana da kwanaki, har mai zane ya samu damar gyarawa da narkar da launi cikin launi, ya kuma ɗora siririn shafi a kan wani yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa. Da haka ake samun zurfin ruwa. Man gyaɗarmu ba ya bushewa irin wannan bushewar, shi ya sa ba a yi da shi. Batun asali kuwa, mafi tsufan zanen mai da aka gano ba a Turai yake ba, a kogunan Bamiyan ne na Afganistan, tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin mutanen Turai su ƙware a kansa a ƙarni na 15. Takardar da alarammominmu suka rubuta Alƙur'ani a kanta ma ta hamada aka kawo ta daga Italiya, ba wanda ya ce rubutun ba namu ba ne. Kuma ba sai mun je Hanoi neman misali ba. A Zariya, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan wannan ra'ayi, cewa a ɗauki dabarar makaranta a haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. A ƙasar Hausa aka kunna wannan fitila, amma hasken ya fi kaiwa wasu wurare.

Saura maganar abinci. Wa zai sayi zanen bado a garin da ake neman na gero? Ba zan yi wa matasa alƙawarin arziki ba. Amma kuɗin ado ana kashe shi yanzu haka, a kan labule da hoton bango da kwanon jere da fentin gaban gida, sai dai yana tafiya ne ga furen wasu. Mai zanen allon shago da mai fentin mota da mai zana wa maɗinki fure a takarda duk suna nan suna aiki a kasuwar Daura, hannunsu ya riga ya faɗa. Idan siffar bado ta fito da kyau daga hannun mutum biyu ko uku da suka yi mata karatun gaske, za ta gangara zuwa hula da gyale da ƙofar ƙarfe da zanen gado, kamar yadda dagi ya gangara. Claude Monet na Faransa ya zana ɗan'uwan badon nan sau wajen 250 a tafki ɗaya da ke lambun gidansa, bai ƙare ganinsa ba har ya rasu a 1926. Tafki ɗaya ya ishe shi.

Ga ɗaliban da ke nan, da malaman zane na makarantunmu, abin da aikin ke bukata kaɗan ne. Lokacinsa daga tsakiyar damina ne zuwa kaka, kafin ruwa ya ja baya. Sa'arsa kuwa bayan sallar asuba, don wanda ya bari rana ta take zai tarar furen ya rufe. A fara da fensir da takarda kafin a taɓa fenti, a tsaya a gaɓa ba sai an shiga ruwan ba saboda tsargiya, a ƙirga fatun furen, a juya ganye ɗaya a ga bayansa. Hoton waya zai taimaka wajen tuna siffa, amma yakan ƙone farin ya mai da shi fili ɗaya, alhali a cikin farin nan akwai kore a gindi, da rawaya da ke tasowa daga tsakiya, da toka-toka a inda fata ta rufe fata. A koma wuri ɗaya sau da yawa, har da watan Maris, lokacin da babu komai a wurin sai busasshiyar laka da sawun shanu, a zana wannan ma. A kuma tambayi tsofaffin matan unguwa yadda ake sarrafa tsabarsa da saiwarsa, da shekarar da suka ci shi don dole, a rubuta abin da suka faɗa a bayan takardar.